Farasitamol, ibufurofen ko dikulofenak: wanne zan saya, wa zan ba?

Tunda zafi ya kankama, tambayoyin da ke shigowa kusan duk na zazzaɓi ne da ciwon jiki. Na tsamo biyar na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wata uwa a Domayo, Marwa: Ɗana mai shekara biyu ya kwana da zazzaɓi. A farmasi an nuna mini siro biyu, Doliprane da Advil. Maƙwabciyata ta ce Advil ya fi ƙarfi, ita har Aspégic take jiƙa wa nata. Wanne zan saya in ajiye?

'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. In guda ɗaya za ki ajiye a ɗaki, ajiye na farasitamol, ko Doliprane ne, ko Efferalgan, ko mai arahar nan na asibitin gwamnati. Ki saba da duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan kwali, shi ke faɗin abin da ke ciki. Advil, Brufen da Nurofen duk abu ɗaya ne, za ki ga an rubuta ibuprofène. Shi kuwa ibufurofen ɗan wani babban gida ne na magungunan raɗaɗi da kumburi, wanda takardar cikin kwali ke kira AINS. A gidan akwai dikulofenak, wato Voltarène da Cataflam, akwai asfirin, wato Aspégic, akwai Feldène da Indocid, har da Nifluril da ake cusa wa yara ta dubura. Farasitamol ba ɗan gidan ba ne, shi ya sa na ce da shi za ki fara.

Idan cuta ta shiga jiki ko aka ji rauni, jiki kan haɗa wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ke kawo zafi da kumburi da zugi. Aikin 'yan gidan nan shi ne hana haɗa shi, kuma sun iya. Sai dai sinadarin yana da nasa alherin. Shi ke sa ciki ya riƙa fitar da majinar da ke lulluɓe bangonsa, kamar yaɓen da ke kare katangar ƙasa daga ruwan damina. Shi ne kuma ke buɗe wa jini hanya zuwa ƙoda lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. To ki duba yaron da ke amai da zawo, ya ƙi nono ya ƙi ruwa, leɓe ya bushe, a Marwa cikin Afirilu, rana ta haura digiri 40. Da wannan sinadarin ƙodarsa ke lallaɓawa. Ba shi ibufurofen a wannan hali na iya tsayar da ita. Irin wannan yaro ruwan gishiri da sukari yake bukata, da farasitamol, da asibiti.

Kada a ba jaririn da bai kai wata uku ba. Kada a ba mai ƙarambau, don yana iya sa ƙurajen su rikiɗe su zama mugun gyambo mai cin nama. Mai asma kuma sai da izinin likita. Batun Aspégic kuwa, ki isar wa maƙwabciyarki cikin lalama: ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin don zazzaɓi. In mura ce ko ƙarambau, yana iya jawo ciwon Reye, mai lalata hanta ya kumbura ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. Ga kuma zazzaɓin dengi, wanda Cadi ta sanar da ɓarkewarsa a Abeshe cikin Agustan 2023. A farkonsa ba a bambanta shi da maleriya da ido, kuma asfirin ko ibufurofen na ƙara wa mai shi haɗarin zubar jini.

Awo kuma da nauyi ake yin sa, ba da shekaru ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana. Yaro mai kilo 12 ke nan miligiram 180 zai sha. In siron mai miligiram 120 cikin mililita 5 ne, sai ki ja mililita bakwai da rabi. Ranar da ibufurofen ya dace, misali ciwon kunne ko targaɗe ga yaron da ke ci yana sha, miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, duk bayan awa shida zuwa takwas, jimillar kwana kada ta wuce 30 ga kilo. Yaron nan mai kilo 12, mililita 5 na siro mai miligiram 100 cikin mililita 5, sau uku a kwana, ya ishe shi. Sirinjin nan da ke zuwa cikin kwalin Doliprane ko Advil, wanda aka zana wa kilo-kilo, kowanne na kwalbarsa ne kaɗai. Kada ki ja wannan da na wancan. Cokalin shayi kuwa ki bar shi wurin shayi.

Duk wannan sauke zafi ne kawai, ba warkarwa ba. Yaron da ya kwana da zazzaɓi a ƙasarmu gwajin maleriya ake kai shi washegari. A Kamaru tun 2011 maganin maleriya marar tsanani kyauta ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar a cibiyoyin lafiya na gwamnati, a hukumance dai. In wuya ya ƙage, ko ya fara jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tasuwa, musamman a rani, lokacin sanƙarau, ko tsakar dare ne ku tafi.

Siron yara kam, don Allah, a farmasi ko asibiti kaɗai. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wani siron mura mai suna Naturcold da aka samu a Kamaru gurɓace da guba mai kashe ƙoda, bayan an rasa yara a yankin Arewa maso Yamma. Ko siron mura mai kyau ma, sau da yawa da farasitamol a cikinsa, sai uwa ta ninka awo ba ta sani ba.

Daga wani ɗan acaɓa a Garwa: Ina kan babur tun asuba har isha. Kullum da dare nakan sayi haɗin maganin gajiya wurin mai tebur, ƙwaya huɗu a ƙullin leda. Yanzu ƙirjina na zafi, cikina na murɗa. Ya ce in koma allura. Ya kuka gani?

Ɗan'uwa, na ga ka daina daga yau. Kwance ƙullin nan ka duba: ja, fara, rawaya, da wata mai kai biyu, duk an ɓare su daga takardarsu. Babu suna, babu awo, babu ranar lalacewa, kuma sun yini a rana. Abin da aka fi samu a irin haɗin nan shi ne 'yan gida ɗaya guda biyu, dikulofenak da ibufurofen, ko Ibucap, wanda shi kansa haɗin ibufurofen ne da farasitamol da kafeyin. Shan biyu tare ba ya ƙara sauƙi, ɓarnar ciki da ƙoda kawai yake ƙarawa. In aka yi rashin sa'a har da deksametazon a ciki, mai ƙara haɗarin zubar jini a ciki, ko tiramol, wanda kai ma ka san yadda ya mai da wasu abokan sana'arka.

Shawarar allura ita ce ta fi ba ni haushi. Mutane na zaton ƙwaya na cin ciki ne don ta faɗa cikinsa. A'a. Ta jini maganin ke bi ya hana yin majinar nan, don haka allurar dikulofenak ma tana kawo olsa, ga tsarabar ƙurji a mazaunai in hannu ko allurar ba tsabta.

Zafin ƙirji da murɗar ciki gargaɗi ne, ka je a duba ka cikin makon nan. In kuwa ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ko ka yi aman jini, ko jiri na ɗibanka in ka miƙe, jini ne ke zuba a ciki, ajiye babur a kai ka asibiti nan take. Haka in fitsari ya ragu ƙafafu suka kumbura.

Ga babban mutum mai lafiyayyen ciki, ƙa'idar ibufurofen ita ce miligiram 200 zuwa 400, tazarar awa shida aƙalla, kada ya wuce 1,200 a kwana in ba likita ya rubuta ba, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa. Kwana uku in zazzaɓi ne, biyar in ciwo ne, daga nan a nemi dalili. A Faransa, inda yawancin sunayen nan suka fito mana, tun Janairun 2020 aka ɗauke ibufurofen da asfirin da farasitamol daga kantar da kowa ke miƙa hannu, sai ka tambayi mai farmasi. Mu nan a faranti ake yawo da su cikin tasha. Kai dai yanzu farasitamol ne naka, miligiram 500 zuwa giram ɗaya, kada ya wuce giram uku a kwana, don shi ma in ya yi yawa hanta yake ci. Kuma ƙishirwa ma na kawo gajiya da ciwon kai, ɗaura jarkar ruwa a babur.

Daga wata ɗaliba a Ngaundere: Ciwon mara na kayar da ni duk wata, farasitamol ba ya mini komai. An ce ibufurofen na hana haihuwa.

Ƙanwata, nan ne fagensa. Furostagilandin ɗin nan ne ke murɗa mahaifa lokacin al'ada, don haka ibufurofen ya fi farasitamol nesa ba kusa ba. Sha miligiram 400 da zarar kin ji alamar farko, bayan abinci, kada ki jira sai kin kwanta. Kwana biyu ko uku a wata ba ya hana haihuwa. In kina da olsa, ko kina zaton akwai ciki, ki bar shi. Asfirin kuma ba naki ba ne, jini yake ƙarawa.

Daga wani magidanci a Kusiri: Iyalina na da cikin wata bakwai, haƙori ya hana ta barci. Ina da ragowar Cataflam a gida.

Malam, ko ƙwaya ɗaya kada ta sha. Daga shigar wata na shida an haramta duk 'yan gidan nan ga mai juna biyu, har da man shafawarsu. Suna iya toshe wata jijiya kusa da zuciyar ɗan da ke ciki, wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa, su kuma taɓa ƙodarsa ruwan mahaifa ya ragu. Hukumar magunguna ta Amurka ma a 2020 ta ce a guje su tun daga mako na 20. Ba ta farasitamol, ka kai ta wurin likitan haƙori gobe, ciki ba ya hana gyaran haƙori. In a wurin awo an rubuta mata ƙaramin asfirin saboda hawan jinin masu ciki, wannan daban ne, ta ci gaba. Bayan ta sauka lafiya, ibufurofen ba ya hana shayarwa.

Daga wani ɗan kasuwa a Injamena: Mahaifina ya haura saba'in, gwiwa ta matsa masa, ko sujada da ƙyar. Yana shan maganin hawan jini. Dokta Cuku na unguwarmu, wato mai sayar da magani ba lasisi, na ba shi dikulofenak kullum. Ina so in saya masa Voltarène na asali mai tsada, ko zai fi masa sauƙi a jiki?

Alhaji, Allah ya saka maka da kula da Baba, amma kuɗinka ba zai sayi abin da kake nema ba. Voltarène na asali da dikulofenak mai araha, in dai daga farmasi mai rajista ya fito, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya. Matsalar Baba ba ta suna ba ce, maganin ne bai dace da shi ba. Ƙodar tsoho ta riga ta rage ƙarfi. Magungunan nan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga hawan jini, su rage wa maganinsa kaifi. Duba ledar magungunansa: in akwai na hawan jini irin kaftofiril ko enalafiril tare da mai sa fitsari irin Lasilix, to ƙara dikulofenak a kansu na daga cikin sanannun hanyoyin da ƙodar dattawa ke tsayawa, musamman cikin zafi ko azumi. Tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba da shi ga mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Abin da zan ce ka saya shi ne man shafawa na dikulofenak. Ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, kuma gwiwa na cikin gaɓoɓin da yake wa aiki sosai. A shafa sau uku a rana, ban da kan rauni, a wanke hannu. Ka haɗa masa da farasitamol, da sanda mai kyau, da kujerar salla in ya yarda, ka san dattawa da ƙin a ga gazawarsu. Wasu za su ce a ba shi omefirazol ya ci gaba da ƙwayar. Wannan ciki kaɗai yake karewa, ba ruwansa da ƙoda ko zuciya. In kuma likita ya ɗora shi kan ƙaramin asfirin don zuciya, kada ku tsayar da shi da kanku, kada kuma a ba shi ibufurofen, don yana iya tare wa asfirin ɗin hanya.

Tunda ya daɗe yana sha kullum, ka tattara duk abin da yake sha, har da na gargajiya da na Dokta Cuku, ka zuba a leda ɗaya ku tafi asibiti tare. Ka roƙi a auna masa hawan jini, a yi gwajin ƙoda na kiriyatinin, a kuma duba yawan jininsa, don tsoho kan yi ta zubar da jini kaɗan-kaɗan ta ciki ba tare da ya ji ciwo ba.