Amsar Kawu Kan Ledar Sharar da Aka Bar Maka a Nagoya

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso bayan isha'i, na yi dariya har Innarku ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Ka ce ka fitar da shara da safe, da yamma ka tarar an kwashe ta kowa an bar ledarka ita kaɗai da takarda manne a jikinta, kuma tun ranar tsohuwar da ke ƙasan ɗakinka ta daina amsa gaisuwarka. Kana tambaya ko ƙin baƙi ne, ko wata al'ada ka taka.

Al'ada ka taka, kuma a garin da bai kamata ba. Mutanen Nagoya, ko a cikin Japan ɗin, suna da tarihi da shara. Bolar birnin ta kusa cika, hukuma ta so cike fadamar Fujimae da ke bakin teku, inda tsuntsaye masu ƙaura ke yada zango. Jama'a suka ƙi, aka fasa. Sai a watan Fabrairun 1999 birnin ya shelanta halin ko-ta-kwana kan shara, aka ce a rage kashi 20 cikin 100 a shekara biyu, kuma suka rage. Tsohuwar nan da ita aka yi wannan fama, ƙila har ta tsaya bakin titi da sanyin safiya tana duba ledojin maƙwabta. Kai kuma ka zo ka cusa gwangwanin lemo da ɓawon ayaba a leda ɗaya.

Ga yadda abin yake. Leda mai jan rubutu ta abin da ake ƙonawa ce, mai koren rubutu ta wanda ba ya ƙonuwa, mai shuɗi ta abin da za a sake sarrafawa. Robar ruwa sai ka cire murfi, ka yage takardar jikinta, ka ɗauraye. Kowane iri da ranarsa, kuma da safiyar ranar ake fitarwa kafin ƙarfe 8. Kada ka fitar da dare don ka huta. Ni na yi haka a watana na farko, hankaki suka rigayi motar shara. Na fito na tarar da ƙashin kaza da shinkafa warwatse har tsakiyar titi, wani dattijo sanye da safar hannu yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi mini magana ba, ko kallona bai yi ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To, shirun nan shi nake so ka fahimta. Suna da kalma, meiwaku, wato ɗora wa wani wahalarka, kuma tun yaro na ƙarami ake horonsa kada ya zama meiwaku ga mutane. Shi ya sa ba a amsa waya a jirgin ƙasa, ba a kunna injin wanki da tsakar dare, ba a hira da ƙarfi a bene mai siririn bango. (Na san yadda kake ihu idan kana waya da mahaifiyarka. Agogonsu yana gaban namu da awa 8, lokacin da ta samu sukuni maƙwabtanka sun kwanta. Rage murya.) Idan ka saɓa, ba za su tare ka ba. Kara ce irin tamu, sai dai mu mukan aiko babba ya ja maka kunne, su kuwa takarda suke mannawa, ko su kai ƙara wurin masu kula da gidan. Haka idan ka roƙi Bajapane abu ya ja numfashi ya ce “chotto”, ya yi shiru, a'a ya ce maka. Kada ka matsa.

Ban ce babu masu ƙyamar baƙo ba. Akwai mai gidan da ya ƙi ba ni haya da jin cewa ɗan waje ne, kuma sau da yawa kujerar kusa da ni a jirgi takan zauna babu kowa. Wannan daban, ka sa masa haƙuri. Amma mai ƙin ka ba zai ɓata lokaci yana nuna maka kuskurenka ba.

Ina da tambaya: da ka tare, ka zaga gaisuwa? Na tabbata ba ka yi ba. A wurinmu maƙwabta ne ke kawo wa sabon zuwa kwanon abinci. A can sabon zuwa ne ke ƙwanƙwasa ƙofar na dama da na hagu da na sama da na ƙasa, da ɗan tawul ko sabulu ko biskit na yen 500 zuwa 1,000. Matasan manyan birane sun fara sakin al'adar, tsofaffi kuwa suna riƙe da ita. Kada ka kai mai tsada, bashi ka ɗora mata, don sai ta rama. Kada kuma ka kai abu guda 4, sunan lambar ya yi daidai da kalmar mutuwa a bakinsu.

Saboda haka ranar Lahadi da hantsi ka sayi biskit, ka ce a naɗe maka, ka sauka wurinta. Miƙa da hannu biyu, ka ɗan sunkuyar da kai kamar yadda kake wa manya a gida, ka ce “sumimasen deshita”, wato a yi mini afuwa. Kada ka kawo uzuri, dogon bayani a wurinsu kare kai ne. Ka tafi da jadawalin sharar unguwarku, ka nuna mata, ka roƙe ta ta koya maka. Idan ta ce ka shigo, akwai ɗan wuri a bakin ƙofa, genkan, kamar ƙaramin zaure: nan za ka cire takalmi, ka juya bakinsa ya kalli waje. Duba safarka tun daga ɗaki kada a ga huji.

Jadawalin yana ofishin gunduma inda ka yi rajistar adireshinka, har da na Turanci. Idan ya rikita ka, ka je Juma'a masallacin Nagoya da ke unguwar Nakamura, ba za ka rasa wanda ya daɗe a garin ba. Ita ledar da aka bari, ka ɗauko ta yau ɗin nan ka rarrabe, kada ta kwana a waje. Innarku tana gaishe ka, ta ce yajin da ta ba ka ya ƙare ko da saura?