Kiɗan Zango: Amsa Ga Ƙanwata Ta Kano

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin kalli bidiyon bikin da na turo miki, kin ga mata sun cika titi suna rawa, makaɗa sun rataya ganguna irin waɗanda ba ki saba gani ba, har kika ce, "Yaya, anya kuwa wannan bikin Hausawa ne?" Ban ji haushi ba, domin ni ma abin da na raya a zuciyata ke nan shekarar da aka kawo ni Kumasi ta ƙasar Gana ina amarya. Yanzu na haura shekara 25 a unguwar Aboabo. A nan na yi suna, a nan na aurar, a nan na yi zaman makoki, don haka bari in ba ki amsa a tsanake.

Ki fara sanin cewa Zango, wato unguwannin baƙi Musulmi a nan Gana, ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba, Mosi, Wangarawa, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani da Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa ce kawai ta haɗa mu a kasuwa da masallaci. Namu kakannin goro ne ya kawo su. Salaga ta arewacin Gana ce babbar kasuwarsu, sai yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, wasu suka nufi Karachi ta nan Gana, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro Kumasi da Akara. Shi kuwa ayari ba ya tafiya da jakuna kaɗai. Da malami a ciki, da wanzami, da mahauci, da makaɗi. Alhaji Umaru Karachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, a wannan ƙasa ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci. Kin ga waƙa da kiɗa tare da mu suka zo, ba a nan muka tsince su ba.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne ranar sunan ɗana na fari. An raɗa suna da safe, an raba goro, wanzami ya yi aski, mata sun cika tsakar gida ana ta koko da ƙosai. Can da hantsi sai ga wani dattijo ya yi sallama, kalangu a hammatarsa, fatar ta yi baƙi saboda tsufa, tsirkiyoyin duk ɗauri. Bai tambayi kowa komai ba. Ya tsaya a bakin zaure ya matse kalangun, ya saki, sai ya fara kiran sunayen gidan mijina ɗaya bayan ɗaya, daga jaririn da ke hannuna har kakan kakansa, Ba'agale, madugu uban tafiya, wanda ya taso daga Kano. Surukata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa taka Kano ba, Hausarta ma irin ta nan ce. Amma da ya kai ga "ta Dabo tumbin giwa", sai na ga ta ajiye ludayi ta miƙe tsaye, ta rangaɗa guɗa, hawaye na bin kumatunta. Ta kwance bakin zaninta ta manna masa kuɗi a goshi. Ni da na taso a gindin Dala ban taɓa jin wannan kirari ya shige ni kamar ranar ba.

Tun daga nan na daina yi wa makaɗan Zango kallon maroƙa kawai. Ku a gida ba ku bukatar wanda zai tuna muku asalinku, ganuwa tana nan, kabarin kakanni yana nan, unguwa tana nan da sunanta. Mu nan 'ya'yanmu suna tasowa da harshen Tonawa, wato Asante, a waje, Turanci a boko, Hausar da ke bakinsu kuma ta gauraya. Za ki ji yaro ya ce "mamana ya zo", bai san akwai "ta" ba. To abin da baki ya saki, kalangu ne ya riƙe shi. Yaron da bai iya faɗin sunan kakansa na uku ba, ya san takensu idan an buga.

Yarinta kuwa kusan irin taku ce. Da waƙar raino ake lallashin jariri, sai dai za ki ji kalmar Tonawa ta faɗo a tsakiya. Da karin murya yaro ke haddace baƙaƙe a makaranta. Watan Maulidi gari ke cika da Ishiriniyya da bege da zikiri, domin Tijjaniyya tana da ƙarfi ƙwarai a nan, a wannan watan ne kuma Dagomba ke yin bikinsu na Damba. Da azumi samari na zagayawa suna tashin mutane sahur. Ranar Sallah akwai abin da muke kira gangara, sarakunan Zango a kan dawakai, algaita a gaba, kowace ƙabila da makaɗanta a baya. Bai kai hawan Kano girma ba, amma ranar ce yaran Zango ke ganin sarakunansu da rawani da lema, kamar yadda 'ya'yan Asante ke ganin nasu a fadar Manhyia duk bayan kwana 42.

Yanzu ga bikin da kika gani. Waɗancan makaɗan Dagomba ne. Abin da suka saƙala a hammata sunansa lunga, ɗan'uwan kalangu ne, da matsawa yake magana. Babbar gangar da ke rataye a kafaɗa ita ke ba da amon da kike ji a ƙirji. Suna da goge su ma, gonje suke ce masa, kin ji sunan bai yi nisa ba. Ango Bahaushe ne, amma kakar amarya ta wajen uwa Badagomba ce, ta yaya za a hana danginta kiɗansu? A bikin Zango kowa sai an buga masa nasa. Idan aka buga na Zabarmawa su fito fili, idan aka juya na Kotokoli su karɓa, sauran mata na kewaye suna tafi suna liƙi, duk sanye da yayi, wato abin da kuke kira anko. Bikin da aka bar wani dangi a zaune ba a taɓa masa takensa ba, za a daɗe ana maganarsa.

Kuma ba a nuna miki farkon bikin ba. Kafin a fito titi an sa amarya a lalle, tsofaffi sun kewaye ta da waƙoƙin da ke sa ta kuka, arwanka ta yi mata wanka. An yi walima, ta zauna a lulluɓe gaban malaminta ta karanta Alƙur'ani, ƙannenta 'yan makaranta na rera yabon Annabi. A cikin gida kuma, inda kyamara ba ta shiga, akwai kiɗan ƙwarya. A kifa ƙwarya a kan ruwa cikin baho, a kifa wasu a ƙasa, a bi su da 'yan sanduna, zabiya ta ɗauko waƙa mata su amsa. A nan ake yi wa amarya faɗan da ba a iya yi da baki: yadda ake zama da uwar miji, yadda ake haƙuri da kishiya, da habaicin da kowa ta san inda ya dosa. Da kin zauna a wannan ɗaki, da ba ki yi mini tambayarki ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai saɓani. Gidajen Ahlus Sunna da yawa sun daina kiran makaɗa, wa'azi ake yi a watse, kuma ina girmama su a kan haka, cikinsu akwai aminaina. Abin da ke ci mini rai daban ne. Yanzu sai a tare titi da rumfa, a jera lasifika kamar bango, wani yaro ya zauna da kwamfuta yana sako waƙoƙin fina-finan Kano da na samarin Gana har dare. Mai jego ba ta barci, mara lafiya ba ya hutawa. Na'ura kuma ba ta san kowa ba. Ba ta san wace ce gwaggon amarya ba, balle ta kira sunan ubanta ta sa ta miƙe. Ana biyan mai na'ura kuɗi masu kauri, makaɗi kuwa a bar shi da abin da ya tsinta a goshi. Shi ya sa 'ya'yan makaɗa suka koma tuƙa pragya, irin adaidaita sahunku.

Inda za ki tabbatar mu ne dai ba mu sauya ba, shi ne ranar mutuwa. Maƙwabtanmu Tonawa sukan ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, sannan ran Asabar a kafa rumfuna, a sa baƙi da ja, a buga adowa da kete, mata su yi rawar da kowane motsin hannu ke da ma'ana. Haka suke girmama mamacinsu, kuma muna zuwa mu gaishe su, su ma suna zuwa namu. Mu kuwa ranar da mutum ya cika ake kai shi. Ran da surukata ta rasu Asabar ce, ana ta kiɗan makoki a layin bayanmu. Aka yi mata wanka, aka sallace ta, maza suka ɗauke ta zuwa maƙabartar Tafo, ba abin da ke tashi sai kalmar shahada. Da suka dawo sai na hango dattijon nan mai kalangu a cikinsu, ya tsufa tukuf, hammatarsa ba komai. Ya zauna a kan tabarma yana jan carbi. Ya zo addu'ar uku, ya zo ta bakwai, ya zo ta arba'in, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, shi da ya buga mata a aurenta da sunan duk 'ya'yanta.

Bikin autata bayan Babbar Sallah ne in Allah ya kai mu, kuma na riga na gaya wa mahaifinta kalangu nake so da ƙwarya. Ki daure ki zo. Idan za ki taho, ki biya Kasuwar Kurmi ki zaɓo mini ƙore manya guda uku, masu kaurin baki, ki ƙwanƙwasa ki ji amonsu kafin ki biya. Ki gaida Inna da yara.