Zauren Kakanmu Yana Tsagewa, Mu Shafe Shi da Siminti?

Tambaya: Muna da tsohon zaure na ƙasa a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Guga. Gindinsa yana zaizayewa, bangon gabas ya tsage. 'Yan'uwa sun ce a shafe shi da siminti a huta. Ya dace?

Amsa: Malam, don Allah ku dakata. Ginin tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa toshe wannan hanya yake yi. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga, ya rasa mafita, ƙasar ciki ta ruɓe alhali waje yana sumul. Ranar da ɓawon zai ɓalle, da naman bangon zai tafi.

Ku fara da sama, domin can ɓarna take somawa. A hau rufin a share, a cike kwarin da ruwa yake kwanciya. A duba indararo: in ya toshe ko ya yi gajere, ruwa bango zai bi. A sa wanda ya fito aƙalla rabin mita. Azarar da ta ruɓe a sauya ta da ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba.

Tsagar kuma, a ja layi a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. In bayan wata guda ta wuce layin, matsalar daga tushe take, sai an kira magini kafin a taɓa komai. In ta tsaya, a kankare, a yayyafa ruwa, a cike da ƙasa irin ta asali wadda aka cuɗa da ciyawa ta kwana biyu tana tsima. Yaɓe kaɗan-kaɗan ake yi, kaurin yatsa biyu, ya bushe sannan a ƙara. Daga nan a bi da makuba, ta ɓawon ɗorawa, ita ce rigar ruwan ginin. A gindi a yi daɓe mai gangare, a kawar da makwararar wanka.

A gama komai kafin watan Yuni, kuma a riƙa sabunta yaɓen, kamar yadda Hasumiyar Gobarau ta kawo yau da gyara a kai a kai.

Kafin aiki ku ɗauki hotuna ciki da waje, musamman zanen bango da ɗaurin guga, wato rufin nan mai baka, sannan ku nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Tsofaffin magina ma suna nan, ku neme su tun suna da ƙarfin hawa bango.