Muryar da aka tura a zauren 'yan uwa kan zaman kaɗaicin Baba a Ingila

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na saurari saƙonki, inda kika ce tun da Baba ya dawo wajenki a Birmingham ba ya fita, sai zaman bakin taga, kike tambaya ko akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji da za ta karɓe shi tunda sojan Najeriya ya yi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya yi shekara 35 a bariki, kullum bayan la'asar yana da majalisarsa, yau a ce ya wuni ba wanda ya kira shi da muƙaminsa.

To, akwai. Babbar cikinsu ita ce Royal British Legion, tun 1921 aka kafa ta. Su ne masu jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, kamar dai tambarin da ake sayarwa a gida kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ba sai mutum ya yi sojan Birtaniya ba zai shiga, kowa na iya yankar kati. Sai dai kar ki sa rai da tallafi, wannan na waɗanda suka yi wa rundunar Birtaniya aiki ne da iyalansu. Sannan kulob ɗinsu da yawa ana sayar da giya a ciki, kin kuwa san Baba, in ya leƙa ya ga haka, shi ke nan ya yi sallama da wurin.

Shi ya sa na fi so a fara da taron karin kumallo, wanda suke kira Armed Forces and Veterans Breakfast Clubs. Haɗuwa ce kawai, galibi da safiyar Asabar ko Lahadi, ba kuɗin rajista, kowa ya sayi abin da zai ci. Ki nemi wanda ake yi a gidan shayi, ki kira mai kula da shi tukuna, ki gaya masa tsohon sojan Najeriya ne. A tsayar da Baba kan shayi da burodi da ƙwai, don karin kumallon Turawan nan da naman alade yake zuwa.

Kuma Yaya, kar ki ji tsoron wai ba za su san darajarsa ba. Baba ya yi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, a Laberiya a 1990, ya yi Saliyo. Sojojin Birtaniya su ma sun sauka filin jirgin Lungi kusa da Freetown, babban birnin Saliyo, a watan Mayun 2000. In Allah Ya sa ya dace da wanda ya taka Freetown, ai hira ba za ta ƙare ba ranar. Ko ba haka ba, kakanninmu sun yi yaƙin Bama ƙarƙashin tutarsu, runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka, lokacin da Hausa ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Yana da abin faɗa a teburin nan, ba ɗan rakiya zai je ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kar ki ce masa za a kai shi don ya rage kaɗaici, zai ƙi. Ki ce 'yan uwansa sojoji ne ke taruwa. Ki ciro masa hularsa da lambobin yabonsa a goge su. Ni zan shigo jirgin ƙasa daga Manchester ranar Juma'a da daddare in sha Allah, zuwan farko ni zan raka shi. A gaishe shi, ki ce ɗansa na nan tafe.