Gizo mugu ne ko mai dabara kawai?

Malama, kin tambaya ko Gizo mugu ne, kuma ko tubansa zai karɓu. A ganina matsalarsa haɗama ce, ba ƙeta ba. Dubi tatsuniyarsa da hankaki: sun ara masa fuka-fukai, suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, ya hana su cin nunannun 'ya'ya, suka zare gashinsu suka bar shi can. Cikinsa ya ja masa.

Tuba kuwa ba ya zama a bakinsa. Kukansa na kamu ne, ba na nadama ba, da ya kuɓuta sai ya koma halinsa. In za ki rubuta shi ya shiryu, sai ya mayar da abin da ya cinye, ya yi asara da son ransa, ko da Ƙoƙi ba ta gani.