Gargaɗin Ruwan Sama Da Buhunan Masara A Kasuwar Katako

Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Katako da ke Jos ya aiko da tambaya. Ya ce sau biyu a daminar bara ya ji gargaɗin ruwa mai ƙarfi a rediyo, ya fasa yin lodi, aka wuni rana ƙwal, masu sayen kuma suka koma wajen wani. A karo na uku ya yi kunnen uwar shegu da gargaɗin, sai ruwa ya daki buhu 40 na masara da ya jibge a gaban sito, ya karyar da su da ragin naira 15,000 a kowane buhu. Yana son sanin ko ya ci gaba da sauraron masu hasashen yanayi, ko ya rabu da su.

Alhaji, Allah Ya mayar maka da alheri. Amsata ita ce ka ci gaba da saurare, amma ka daina ɗaukar kowane gargaɗi a matsayin umurnin tsayar da ciniki.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, idan ta ce ana sa ran ruwa da tsawa a Filato, tana magana ne a kan yanki mai faɗi, alhali hadarin Jos yana iya zubar da ruwansa kaf a Bukuru, ɗigo ɗaya bai sauka a Farin Gada ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duwatsun da ke kewaye da shi suna tura iska mai danshi sama, shi ya sa hadari ke haɗuwa cikin ɗan lokaci, galibi bayan azahar, wani lokaci har da ƙanƙara. Saboda haka ranakun da ka fasa lodi ba lallai ne hasashen ya kuskure ba, mai yiwuwa ruwan ya sauka a wata unguwar ne.

Inda lissafinka ya karkace shi ne ka haɗa matakai iri biyu ka yi musu kuɗin goro. Akwai kariya mai araha, akwai mai tsada. Asararka ta tashi naira 600,000. A ce kiran 'yan dako su shigar da kayan sito, su shimfiɗa katako a ƙasa, su ja tamfol, zai ci naira 30,000, kashi ɗaya cikin ashirin na asarar ke nan. Ma'ana, ko da sau ɗaya kacal ruwan zai sauko a cikin gargaɗi goma, wanda ya kare kayansa duk sau goman ya kashe 300,000 ya tsirar da 600,000. Irin wannan matakin ba ya buƙatar dogon tunani, kuma ya kamata yaran shagonka su san cewa da an ji gargaɗi za su aiwatar da shi ko kana nan ko ba ka nan.

Fasa lodi kuwa wani abu ne daban, domin a nan kana sadaukar da cinikin rana, da kuɗin da direba zai nema na kwanan mota, da amincin mai saye wanda ya fi duka wuyar dawowa. Wannan ba a yin sa sai gargaɗin ya ambaci ambaliya ko iska mai ƙarfi a hanyar da motar za ta bi, musamman gangaren Hawan Kibo idan kayan Abuja za su. A sauran ranakun, sauya lokaci ya wadatar: a yi lodi da sassafe, a ɗaure tamfol biyu, mota ta bar gari kafin hadari ya taso. Na sha ganin 'yan kasuwa suna cinikin kuɗin mota har muryarsu ta dushe, amma ba wanda ya hau ya duba ko tamfol ɗin direban ya huje.

Ka kuma lura cewa damina ba fuska ɗaya gare ta ba. Ruwan farko na Afrilu da Mayu da iska yake zuwa, don haka kwanon sito ne abin dubawa, kuma a watan Maris ya dace kafinta ya bi shi da ƙusa. Markar Agusta kuwa danshi ne makaminta. Masarar da danshinta ya haura kashi 13 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, tana fumfuna, kuma masu haɗa abincin kaji, waɗanda suna cikin manyan masu sayen masara a Jos, suna gudun ta saboda gubar da fumfunar ke haifarwa. Buhun da ya jiƙe a zazzage shi a shanya a ranar, kada a mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

Gargaɗin ambaliya shi kaɗai ne ban yarda a yi masa lissafin riba ba. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya ci gidaje da rayuka da dama cikin dare ɗaya. Idan kana da wani sito kusa da rafi, rage kayan da ke ciki daga Yuli zuwa Satumba.

Game da kuɗi, ina ba ka shawarar ware wani abu kaɗan daga ribar kowane buhu tun daga kaka, ka ajiye shi daban da uwar kuɗi, don dako da tamfol da gyaran kwano. Idan jarinka ya kai, nemi inshora ko takaful (inshora irin ta Musulunci), amma ka sa a karanta maka takardar a gabanka, domin wadda ta ambaci gobara kaɗai ba za ta biya ɓarnar ruwa ko guguwa ba, kuma sau da yawa kayan da aka bari a waje, kamar buhunanka 40, ba sa cikin abin da aka lamunce.