Tsutsa ta cinye mini alayyafo, mai shago ya ce in fesa Sniper

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kano. Gidan haya muke, tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma daɓen siminti ne. Tsadar kayan miya ce ta sa na tara bokitai da buhuna na shuka alayyafo da tumatir da attaruhu, karo na farko ke nan a rayuwata. Sun fito gwanin sha'awa, amma yanzu ganyen alayyafon ya zama kamar rariya, na tumatir kuma wasu fararen zane-zane sun fito masa, yana bushewa. Mai shagon maganin ƙwari ya ce in zuba murfi ɗaya na Sniper a buta in yayyafa, in na tashi miya in wanke ganyen da gishiri. Na sayo, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don ina da yaro mai rarrafe, a tsakar gidan nan yake wuni. In fesa, ko in haƙura da lambun gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki fesa, kuma kada ki haƙura da lambun. Kwalbar nan tun yau ki mayar wa mai shagon a rufe yadda ya ba ki. In ya ƙi karɓa, a kulle ta a inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da madafa. Kada a tuttular da ita a kwata ko a masai, kada kuma a juye ta a wata roba.

Bari in fara da lambun, don gyaransa ba shi da wuya. Wurin da kika kwatanta ya isa, in dai rana tana samunsa kamar awa shida a wuni. Ki lura da kusurwar da hantsi ke fara sauka, can za ki jera buhunan. Inda katanga ke yi wa inuwa rabin wuni ki ba wa ganye, kada ki ba wa tumatir. Buhun shinkafa ko bokiti mai lita 20 duk suna yi, amma a huda gindinsu, a ɗora su kan bulo ko duwatsu don ruwa ya tsiyaye, siminti mai zafi kuma kada ya gasa saiwa. Robar da aka taɓa zuba baƙin mai ko fenti a ciki ba ta shiga lambu. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, in ƙasar mai laka ce a ƙara yashi. Na ce ruɓaɓɓe da gangan: ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, kuma bai dace da ganyen da za a ci ɗanye kamar latas ba. Tumatir gindi ɗaya a buhu, kuɓewa biyu. Masu farawa sukan cusa biyar su yi ta mamakin yadda suka tsumbure.

Da tun farko kika tambaye ni, da na ce ki bar tumatir sai zagaye na biyu. Alayyafo cikin sati uku zuwa huɗu kin fara yanka, yakuwa da rama da lalo ba sa ba da wahala, kuɓewa kafin wata biyu ta fara ba ki 'ya'ya, albasa mai lawashi ko gindin da kika yanke kika dasa zai toho. Tumatir da latas da kabeji a ƙasarmu lokacin sanyi suke so, daga Oktoba zuwa Fabrairu. In zafin bazara ya kankama furen tumatir zubewa yake yi, ko da kin yi masa wanka da taki. Ban ruwa da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. Ki cusa yatsa a ƙasa, in da danshi ki bari sai gobe. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa ki tara musu. Ruwan wanki mai omo da ruwan kwata kuwa a'a.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da taki.

Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗin nan. Muna cewa maganin zazzaɓi, muna cewa maganin ƙwari, kalma ɗaya. Sai mutum ya riƙe kwalbar guba da irin sakin jikin da yake riƙe kwalbar maganin tarin ɗansa, har yana auna ta da murfi. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, shi ne kuma ake tsinkawa a sayar a matsayin fiya-fiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin magungunan ƙwari masu haɗari ƙwarai. Jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san bambancin jijiyar tsutsa da ta ɗan Adam ba. Ba sai an sha ba: ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga, domin abu ne mai saurin bin iska. Ki tuna tsakar gidanki katanga ce ta kewaye shi ta ko'ina, iska ba ta ratsawa kamar a gona. Abin da kika yayyafa zai ɗiga a kan simintin da ɗanki ke dafawa da tafin hannu, hannun da yake kaiwa baki kowane minti. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai ji ciwon kai kawai shi yana iya kwantar da shi. Butar kuma fa? Da ita wani zai yi alwala da magariba, ya kurkure baki.

Ba yau aka fara wannan magana ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadarin da aka samu a cikinsa, wanda 'yan kasuwa ke zubawa don gudun ƙwaro. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa muke dafa wa 'ya'yanmu. A 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana ƙananan kwalabensa masu mililita 100, ta kuma hana tallar magungunan gona a titi da kasuwa. Amma ki shiga kasuwa gobe ki gani da idonki. Doka tana kan takarda, mai baro yana tura kayansa yana kirari. Bayanin da ke jikin kwalba da Turanci ne, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, malamin gona da ya kamata ya fassara wa mutane kuwa ba ya isa ko ga manoman karkara, balle matar da ke da buhu shida a bayan ɗaki. Wa ya rage? Mai shago. Shi ne likita, shi ne malamin gona, alhali bai ga ganyenki ba, bai tambayi irin ƙwaron ba, bai tambaya ko akwai yara a gidan ba. Abin da ya sani shi ne kwalba ta fita, kuɗi sun shigo. Ba duka ba ne, na san masu tsoron Allah a cikinsu, amma wanda ya ce ki auna guba da murfi ki zuba a buta bai san sana'arsa ba.

Batun wankewa da gishiri shi ya fi ba ni takaici, don kullum sai na ji shi. Wanke ganye abu ne mai kyau, yana rage ƙura da ƙwayoyin cuta da wani abu na maganin da ke saman ganye. Amma gishiri ba makarin guba ba ne. Akwai magungunan da shuka ke tsotsewa su bi jikinta gaba ɗaya, waɗannan ko da kogi kika wanke suna ciki. Shi ya sa kowane maganin gona na ƙwarai yake ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Ke kuma kullum kike tsinkar ganyen miya. Yaushe za ki jira? Lambun tsakar gida da feshin guba ba sa haɗuwa tun daga nan.

Sai masu cewa in bai yi wari ba ba ya aiki, da masu haɗa kala uku a bokiti ɗaya wai don ya yi ƙarfi, da masu ninka awo saboda na jiya bai kashe ba. Na taɓa shiga wani gida duba lambu, na tarar da ragowar maganin feshi a cikin robar lemo, an ajiye a kan kantar ɗaki kusa da gwangwanin suga da ledar magi. Ruwan ya yi fari kamar kunun gyaɗa. Yara uku suna wasa a ƙofar. Matar gidan ta ce ai sun san ba a taɓawa. Ƙaramin cikinsu bai fi shekara biyu ba. Ban bar gidan ba sai da aka fitar da robar.

Kuma abin haushin, ko kin fesa ba lallai ya yi miki aikin ba. Fararen zanen da kika gani a ganyen tumatir aikin tsutsa ce mai shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci daga ciki. In zane ne siriri mai lanƙwasa kamar hanyar tururuwa, tsutsar wani ƙaramin ƙuda ce, ɓarnarta da sauƙi. In kuwa faffaɗan tabo ne fari mai baƙin kashi a ciki, to ki yi zargin Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, wadda ta yi wa gonakin tumatir na Kadawa da Kura da jihar Kaduna mummunar ɓarna a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Manoma sun yi ta feshi ba dare ba rana tsutsar ba ta ji ba, domin tana ɓoye cikin ganye, kuma tana saurin sabawa da magani. Abin da feshin ke kashewa da sauri shi ne ƙudan zuma da gizo-gizo da zanzaro da ƙananan ƙwarin da ke cinye miki darɓa kyauta, wato ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye. In sun mutu, ɓarna ta dawo ba mai tare ta, sai ki koma shago. Haka ake shiga tarkon.

Buhu goma ba gona ba ce, hannu ya ishe su. Da sassafe ko bayan la'asar ki juya ganye ki duba bayansa, can tsutsa da ƙwai suke. Ki tsince ki zuba a ruwan sabulu ko ki ba kaji. Ganyen tumatir mai zane ki tsinke, ki ƙulle a leda ki bar shi a rana ko ki ƙone, kada ki yar a gindin shukar. Alayyafon da ya zama rariya ki yanke shi ki bar kamar tsawon yatsa huɗu, zai sake toho, kuma ganye mai huda ba haram ba ne, a wanke a yi miya. In ɓarnar ta fi ƙarfin tsinta, ga darbejiya a kowane lungu. Ki samo busassun 'ya'yanta ki ɓare, ki daka ƙwayar kamar giram 50, wato cikin tafin hannu mai kyau, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace da tsumma, ki ɗan narka sabulun wanka kaɗan don ya kama ganye. Ki fesa da yamma, sama da ƙasan ganye, duk bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci da girma yake yi, don haka kada ki ce bai yi ba bayan kwana ɗaya. Shi ma a ɗauke shi daga gaban yara, a wanke ganye sosai don ɗaci. Darɓa da farin ƙuda ko ruwan sabulu kaɗai yana rage su. Ƙadangaru da kaji da tsuntsaye kuwa raga ce maganinsu, a kafa kara huɗu a lulluɓe. Iri kuma ki saya a fakitinsa mai kwanan wata, ki kula da wanda aka rina ja ko shuɗi, magani ne a jikinsa, kada yaro ya ɗauka ko kaza ta tsattsaga.

Abu na ƙarshe, tunda kwalbar ta riga ta shigo gida, kuma maƙwabta ma suna da irinta. Alamomin wannan guba su ne dalalar miyau, zufa mai yawa, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar tsinin allura, numfashi yana ƙara, wani lokaci da fizge-fizge. In aka ga haka, ko aka yi zargin yaro ya taɓa ko ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a ɗura madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Waɗannan duk al'adar unguwa ce, suna iya tura abin cikin huhu, suna kuma cinye lokacin da ake buƙata. A tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya kare hannunsa ko da leda ce, a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti kai tsaye, ba kemis ba. A tafi da kwalbar don likita ya ga sunan sinadarin, domin akwai allurar da ake yi wa irin wannan guba, kuma tana ceto in an kai da wuri.

Ki gaya wa maigidan wannan, ki gaya wa matan gidan hayar da kuke tare, don tsakar gidan ɗaya ne, feshin wata zai sauka inda ɗan wata ke rarrafe. Bayan sati biyu ki sake rubuto mini yadda sabon tohon alayyafon ya fito, ki kuma faɗa mini ko zanen tumatir ɗin siriri ne ko faffaɗa, don in san wace tsutsa muke fama da ita. Allah Ya raya yaron, Ya sa wa lambun albarka.